Yadda Ake Yawon Kwana Uku a Budapest Cikin Sanyin Disamba

Ranar farko da na yini a Budapest, na fito daga masauki bayan azahar da niyyar in zaga gari a tsanake, in ɗauki hotuna, in koma kafin magariba. Ƙarfe huɗu ba ta cika ba rana ta faɗi. Ga ni tsaye a bakin kogi, yatsuna sun ƙage, waya ta ɗauke saboda sanyi, la'asar kuma ta wuce ni ban ankara ba. Ba agogo ne ya ruɗe ni ba, domin a lokacin sanyi agogon ƙasar Hangari daidai yake da na Kano da Yamai, ko minti ɗaya babu tsakani. Yinin ne gajere. A tsakiyar Disamba rana kan fito wajen ƙarfe bakwai da rabi, ta faɗi kafin huɗu. Hasken awa takwas da 'yar ɗoriya ke nan, kuma a kansa ake ɗora duk shirin tafiyar nan: abin da ke fili a gan shi da safe, abin da ke cikin gini a bar shi sai yamma, dare kuma na kallon fitilu ne.

Budapest babban birnin Hangari ne, mai mutane kusan miliyan 1.7. Kogin Danube ya raba shi biyu: Buda a yamma, kan tudu, Pest a gabas, a shimfiɗe. Da garuruwa ne daban-daban, sai a 1873 aka haɗa Buda da Pest da Óbuda suka zama birni guda. Na zaɓe shi ne saboda wuraren kallonsa a kusa da juna suke, rayuwa ba ta kai tsadar Paris ko Landan ba, sannan Turkawa Musulmi sun mulke shi shekara 145, kuma sawunsu bai gama gogewa ba.

Mataki na farko: biza, tun da sauran lokaci

Hangari tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizar gajeriyar ziyara ta Schengen za ka nema. Ƙa'idar ita ce ka nema a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Idan Budapest kaɗai za ka, to ofishin jakadancin Hangari ne, kuma suna da shi a Abuja. Ka shiga shafinsu na intanet ka ga inda ake miƙa takardu da yadda ake kama layin ganawa.

Ana iya nema tun ana saura wata shida a tafi, kuma ba a son ya gaza kwana 15. Amma wanda ya jira sai saura kwana 15 ya yi wa kansa. Hukunci kan fito cikin kwana 15, yana kuma iya jan ƙafa har kwana 45. Mai son tafiya a Disamba ya fara motsi tun Satumba.

Abin da za a nema: fasfo da aka bayar cikin shekara 10 da suka wuce, mai shafi biyu da ba a buga komai ba, wanda zai ƙara wata uku da rai bayan ranar dawowarka. Inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000, ta kuma shafi dukkan yankin Schengen. Shaidar masauki, shaidar jirgin zuwa da dawowa, bayanin asusun banki na 'yan watannin baya, da takardar wurin aiki ko ta kasuwanci. Kuɗin biza na babba yuro 90 ne tun Yunin 2024, kuma ba a mayarwa idan an hana ka.

Abu ɗaya da ke kayar da mutane da yawa shi ne aron kuɗi a zuba a asusu ana gobe miƙa takardu. Mai duba takardun nan aikinsa ke nan kullum, da ganin asusun da ya yi wata biyar yana fama sannan dare ɗaya ya ƙoshi, ya san zancen. Abin da yake son gani shi ne kuɗi na shiga yana fita bisa al'ada, da kuma dalilin da zai dawo da kai gida: aiki, shago, iyali, makaranta. Ka haɗa da 'yar gajeriyar wasiƙa da ke faɗin inda za ka kowace rana. Kuma kada ka biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa kafin biza ta fito.

Mataki na biyu: zaɓen rana da jirgi

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba gari yana cikin ado, kasuwannin Kirsimeti suna ci, otal kuma sun ɗaga farashi. Janairu da Fabrairu sun fi sanyi, sun fi shiru, sun fi araha. Ka guji 24 zuwa 26 ga Disamba: tun yammacin 24 shaguna ke rufewa, kowa yana gida da iyalinsa, kai kuma za ka yi ta yawo kana neman inda za ka sayi burodi. Litinin ma a yi hattara, yawancin gidajen tarihi ba sa buɗewa.

Daga Abuja ko Legas sai an yada zango. Turkish Airlines ta Santambul, Lufthansa ta Frankfurt, Qatar Airways ta Doha. Idan ta Frankfurt ka bi, a can za a duba takardunka na shiga Schengen, don haka ka bar tazarar da ta isa tsakanin jiragen biyu. Tun Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyaka, layin kan yi tsawo. Kwafin takardar otal da ta inshora da tikitin dawowa su kasance a jakar hannu, domin jami'in kan iyaka yana da ikon tambaya ko da biza na cikin fasfo.

Mataki na uku: kaya

Nan ne ya kamata a tsaya a yi magana sosai, domin wanda sanyi ya kama ba ya ganin kyan komai. Sanyinmu na hunturu da safe yake cizo, hantsi na dubawa ya saki. Wancan ba ya saki. A Janairu ma'auni yana yawo ne a kusa da sifili da rana, da dare ya gangara ƙasa, ga kuma iskar da ke biyo kogi tana ratsa tufafi kamar babu su.

Dabarar ba ta riga ɗaya mai nauyi ba ce, hawa-hawa ake yi. A jikin fata, riga da wando masu kama jiki na riƙe ɗumi. A kansu suwaita. A waje babbar rigar sanyi mai tare iska da ruwa, wadda ta sauko ta rufe cinya. Dalilin hawa-hawan shi ne ko'ina ka shiga, bas ko shago ko gidan tarihi, an kunna na'urar ɗumama ɗaki. Idan ba ka da abin cirewa za ka yi gumi a ciki, ka fito gumin ya huce a jikinka, mura ta same ka a ɓagas. Mata masu abaya ko hijabi ba sai sun canza shiga ba: duk waɗannan hawa-hawan suna shiga ƙarƙashi, babbar rigar ta hau sama.

Takalmi ya fi riga muhimmanci. Ka nemi mai rufe idon sawu, mai kaurin ƙasa da gurzau, wanda ruwa ba ya shiga, kuma ya ɗan yi maka yawa don safa mai kauri ta samu wuri. Titunan Buda na dutse ne, idan ƙanƙara ta kwanta a kansu santsi suke kamar an zuba kuɓewa. Ni takalmin zuwa ofis na tafi da shi, mai sulɓin ƙasa, ranar farko sau biyu ina kai hannu ƙasa. Sai hular da ke rufe kunne, safar hannu, da abin naɗe wuya. A 'yan gwanjo ana samun duk waɗannan da sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa daga irin waɗannan ƙasashen suka fito.

Ƙananan abubuwa: man kaɗanya ko basilin don leɓe da hannu. Abin ajiyar caji, domin sanyi yana shanye batir, wayar kuma a riƙa sa ta a aljihun ciki kusa da jiki. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Mutumin Nijar cajarsa za ta shiga kai tsaye, mutumin Najeriya mai ƙafa uku sai ya sayi mahaɗi. Ƙaramar dardumar aljihu. Da 'yar roba ta ruwa wadda za ta tsaya a matsayin buta, domin banɗakunansu takarda kawai ake ajiyewa.

Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga wajen yankin, za a karɓe, ana ma iya cin ka tara. Na san da zafi, amma haka abin yake.

Mataki na huɗu: kuɗi

Hangari tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta amfani da yuro. Kuɗinta forint ne, yuro ɗaya kan ba ka forint ɗari uku da wani abu zuwa ɗari huɗu, gwargwadon kasuwa. Kada ganin dubbai a takardar farashi ya firgita ka, mun saba da irinsa. Kusan ko'ina ana karɓar kati, amma ka tabbatar tun daga gida cewa naka yana aiki a waje, ka kuma riƙe 'yan yuro a hannu. Kada ka yi canji mai yawa a filin jirgi, 'yan canjin cikin gari sun fi sauƙi. Idan injin cirar kuɗi ko na biya ya tambaye ka da wane kuɗi zai caje ka, zaɓi forint kullum, ɗayan zaɓin farashinsa ya fi muni. A gidajen abinci ka duba ƙasan rasit: idan ka ga kalmar szervízdíj, an riga an sa ladan hidima, ba sai ka ƙara ba.

Mataki na biyar: daga filin jirgi zuwa masauki

Filin jirgin sunansa Liszt Ferenc. Da ka fito za ka ga bas mai lamba 100E, ita ce ke kai mutane tsakiyar gari, dandalin Deák Ferenc tér, cikin kusan minti 40. Tikitinta daban ne, katin zirga-zirgar gari ba ya aiki a cikinta. Idan tasi kake so, ka bi layin rumfar tasi ta hukuma ko ka kira ta manhajar Bolt. Wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa tasi, ka wuce shi.

Kamfanin sufurin birnin sunansa BKK, manhajarsa BudapestGO. Sayi katin awa 72, shi ke nan ka huta: bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da tiram, wato jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi, duk ka shiga yadda kake so. Idan tikiti ɗai-ɗai ka saya, dole ka cusa shi a 'yar na'urar da ke buga masa alama kafin ka sauka dandamali, ko da zarar ka shiga bas. Masu bincike suna nan, kuma "ni baƙo ne" ba ta hana tara.

Masauki ka neme shi a ɓangaren Pest, a gunduma ta 5 ko ta 6, kusa da Deák Ferenc tér inda layukan ƙarƙashin ƙasa uku suka haɗu. Amfanin kusancin a lokacin sanyi shi ne za ka iya leƙawa ɗaki da rana ka yi alwala da ruwan ɗumi, ka yi sallah, ka sake fita. Cikin gunduma ta 7 akwai titunan da mashaya suka cika, hayaniya har asuba, mai son barci ya duba taswira kafin ya biya.

Zancen sallah ke nan ma. A Disamba azahar tana shiga kafin sha biyu, la'asar wajen ɗaya da rabi, magariba kafin huɗu, isha kafin shida. Salloli uku a cikin awa huɗu, daidai lokacin da kake tsakiyar yawo. Ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi tun kafin ka tashi. Alƙibla kuma daga can kudu maso gabas take.

Rana ta ɗaya: Buda

Ƙarfe takwas ta same ka a waje. Daga Deák Ferenc tér hau bas 16. Za ta haye Gadar Sarƙa, wadda aka buɗe a 1849, gada ta dindindin ta farko da ta haɗa Buda da Pest, sannan ta hau tudu. Akwai wani tsohon keken dogo da ke jan mutane zuwa sama tun 1870, yana da kyau a hoto, amma kuɗinsa daban ne ga layi, bas kuwa katinka ya riga ya biya. Sauka a Szentháromság tér.

Gabanka cocin Matthias ne, mai rufin tayil kala-kala. A 1541 Sarkin Turkawa Sulaiman ya karɓe Buda, aka mayar da wannan coci babban masallacin gari, ya kuma zauna a haka har 1686 da rundunar Kiristoci ta ƙwace birnin. Idan ka ji ana cewa Daular Usmaniyya a nan, ta Santambul ake nufi, ba ta Sakkwato ba. A bayan cocin akwai farar ganuwar da ake kira Halászbástya, ganuwar masunta, wadda aka gina tsakanin 1895 da 1902. Ba don yaƙi aka yi ta ba, don kallo aka yi ta. Hasumiyoyinta bakwai suna wakiltar shugabannin ƙabilu bakwai na Magyar, wato mutanen Hangari, da suka kawo jama'arsu wannan ƙasa. Daga nan duk Pest tana shimfiɗe a gabanka, ginin majalisa yana tsallaken ruwa, da safe hazo na tashi daga kogin. Ka zo da wuri. Kafin ƙarfe goma motocin 'yan yawon buɗe ido sun iso, kowace taga da mai tsayawa hoto.

Daga nan taka zuwa fadar sarakuna, tafiyar minti goma zuwa sha biyar a kan tudun. Farfajiyar kyauta ce. A ciki akwai gidan zane-zane na ƙasa da gidan tarihin birnin, idan sanyi ya fara cin ƙafa sai ka shiga ɗaya ka ɗumama.

Bayan azahar ka je wurin da yawancin baƙi ba sa zuwa. Hau bas 16 zuwa Széll Kálmán tér, ka kama tiram 4 ko 6, ka sauka a bakin gadar Margit ta ɓangaren Buda. Nemi titin Mecset utca, ma'anarsa titin masallaci, ka hau matakala. A sama hubbaren Gül Baba yake, wani darwishin ɗariƙar Bektashi da ya zo tare da rundunar Turkawa ya rasu a 1541. An gina hubbaren tsakanin 1543 da 1548, ɗan ƙaramin ɗaki mai kusurwa takwas da ƙubba da jinjirin wata a samansa. An ce Sarki Sulaiman da kansa ya halarci jana'izarsa. Sunan da Turkanci yana nufin Baban Wardi, tudun ma Tudun Wardi ake ce masa. A Disamba ba fure ko ɗaya, itatuwan duk an aske su, sai shiru da ƙarar takalminka. Na daɗe a wurin fiye da yadda na shirya. Bayan hayaniyar ganuwar masunta, ka tsaya gaban rubutun Larabci a tsakiyar Turai, kai da wani dattijo Baturke da ke ɗaga hannu yana addu'a, sai ka ji garin ya ɗan matso kusa da kai.

Kafin huɗu ka gangaro bakin kogi ka nufi Batthyány tér, daidai tsallaken majalisa. Ka tsaya a ga an kunna fitilu. Ginin gaba ɗaya sai ya koma ruwan zinare, inuwarsa na rawa a cikin ruwa. Minti ashirin sun isa, sanyin bakin kogi ba ya barin a wuce haka. Tashar layin M2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa tana nan wurin, za ta bi da kai ta ƙarƙashin kogin zuwa Pest.

Rana ta biyu: Pest

Tikitin shiga majalisa a intanet ake sayensa, kwanaki kafin ranar, kuma wanda ba ɗan Turai ba ya fi biya. Zagayen kusan minti 45 ne. An fara ginin a 1885 aka gama a 1904, ɗakuna 691, tsayin ƙubbarsa mita 96, don tunawa da shekarar 896 da Magyar suka zauna a ƙasar. A ƙarƙashin ƙubbar ake ajiye kambin sarautar Hangari, sojoji na gadinsa, ba a ɗaukar hoto a wurin.

Da ka fito bi bakin kogi ta kudu kaɗan. Za ka tarar da takalma na ƙarfe, ƙafa 60, a jere a gaɓa: na maza, na mata, na yara. An kafa su a 2005 don tunawa da Yahudawan da 'yan bindigar Arrow Cross, jam'iyyar Hangari mai goyon bayan 'yan Nazi, suka harbe a nan a lokacin sanyin 1944 zuwa 1945. Sai an sa su sun cire takalma, saboda takalmi abu ne mai daraja a lokacin yaƙi, sannan a harbe su su faɗa ruwa. Ba wurin murmushi a hoto ba ne.

Daga nan cocin Saint Stephen bai da nisa, shi ma mita 96. Ana hawa saman ƙubbarsa a ga gari, idan sararin sama a washe yake ya cancanci kuɗinsa, idan hazo ne ka riƙe abinka. Sannan koma bakin kogi ka hau tiram 2, ka zauna ta gefen ruwa, ka sauka a Fővám tér. Babbar kasuwar rufi tana nan tun 1897. A ƙasa kayan abinci, a sama tsaraba da masu soye-soye. Tsarabar da ta fi dacewa ita ce paprika, garin jan tattasai da suke zubawa a kusan kowace miya. Édes marar yaji ne, csípős mai yaji, kodayake yajin nasu a bakin wanda ya saba da attaruhu wasa ne.

Abinci yana buƙatar lura, domin girkin Hangari ya dogara da naman alade da kitsensa. Haddace kalmomi huɗu: sertés alade, marha naman sa, csirke kaza, hal kifi. Gulyás farfesun naman sa ne da dankali, amma sau da yawa da kitsen alade ake soya albasarsa, naman kuma ba yankan Musulmi ba ne, sai ka tambaya. Halászlé miyar kifi ce ja wur, tana korar sanyi. Lángos ƙullin fulawa ne da ake soyawa fai-fai, ɗan'uwan fanke amma na gishiri, a shafa tafarnuwa da kirim da cuku, ka dai tambayi da wane mai aka soya. Shagunan kebab na Turkawa da Larabawa suna da yawa a kan babban titin da tiram 4 da 6 ke bi, da dama da alamar halal a ƙofa. Ruwan famfo ana sha.

Da dare kasuwar Kirsimeti ta Vörösmarty tér ko ta gaban cocin Saint Stephen. Sayi kürtőskalács, ƙullin da ake naɗewa a jikin sanda a gasa, a birkiɗa shi a sukari da kirfa, ka ci da zafinsa yana tururi. Abin da kowa ke riƙe da shi a kofi yana hurawa kuwa forralt bor ne, giya ce da aka dafa, kada ƙamshin kanumfari ya ja ka. Nemi shayi ko koko mai zafi. Abincin kasuwar tsada gare shi, wasu da awo suke sayarwa, ka ji farashi kafin a zuba.

Rana ta uku: layin rawaya da ruwan zafi

Layin M1 an buɗe shi a 1896, shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lantarki na farko a doron nahiyar Turai in an cire Birtaniya. 'Yan matakala kaɗan za ka sauka, tashoshin ƙanana da farin tayil da katako. Yana bin ƙarƙashin titin Andrássy har Hősök tere, dandalin jarumai, inda mutum-mutumin shugabannin nan bakwai suke bisa dawakai. A bayansa lambun birni ne da filin zamiyar ƙanƙara da ke aiki tun 1870. Ana ba da hayar takalmin. Ni kallo na yi, ƙugun da na buga ranar farko bai gama hucewa ba.

A cikin lambun nan gidan wankan Széchenyi yake, na 1913, ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa, tafkunansa a fili, tururi na tashi, dattawa na buga dara irin ta Turawa a cikin ruwa. Sai dai maza da mata a haɗe suke da kayan ninƙaya. Wanda hakan bai yi masa ba ya nufi Rudas, a gindin tudun Gellért, wanda Turkawa suka gina a ƙarni na 16. Tsohon sashen yana nan da ƙubbarsa da tafki mai kusurwa takwas, haske na saukowa ta ƙananan tagogi masu launi. A ranakun aiki akan ware lokutan maza zalla da na mata zalla, ka duba jadawalinsu kafin ka tsara ranar. Tafi da tawul da silifa da gajeren wandon da ya rufe gwiwa, kada ka wuce minti goma sha biyar a tafki mafi zafi, ka kuma busar da kai sarai kafin ka fito iska.

Idan ranar ta faɗo Juma'a, sai ka juya tsarin. Akwai masallaci a titin Fehérvári út, a gunduma ta 11, layin M4 zai sauke ka a Újbuda-központ, daga nan ba nisa. Ka isa kafin sha biyu. A sahu za ka iya jin Hausa, domin ɗalibanmu da dama suna karatu a Hangari, wasu ta tallafin Stipendium Hungaricum da gwamnatin ƙasar ta fara a 2013.

Daren ƙarshe, idan da sauran kuɗi, hau jirgin ruwa na zagayen awa ɗaya a kan Danube, ka zauna a ciki kusa da taga. Idan babu, tiram 2 zai nuna maka kusan abu ɗaya da katin da ke aljihunka.

Komawa

Ka kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi, ka ƙara minti 40 na bas 100E, da wani abu saboda ranar da dusar ƙanƙara ta sauka hanya kan cushe. Sauran forint ka kashe su ko ka canza kafin ka bar ƙasar, 'yan canjinmu ba su san su ba. Paprika a babbar jaka, a ɗaure a leda biyu, in ba haka ba fararen kayanka za su iso da launin manja. Riga marar nauyi kuma a jakar hannu, ka shiga banɗaki a filin da ka yada zango ka cire na ciki masu riƙe ɗumi kafin jirgin Abuja ya kira.